Jirgin Kawu mara kai

Saura kwana tara babbar Sallah Hajiyarmu ta kira ni ɗakinta, ta ce in shirya in leƙa Maraɗi in dubo mata ƙanenta. Wata uku ke nan, in ji ta, duk wanda ya zo daga can labari ɗaya yake kawo mata: Kawu ya ajiye aikin ƙofofi da amalanke, ya tara ƙarafa a wani fili, wai jirgin ƙasa yake ƙerawa. "Je ka gano mini ko lafiyarsa ƙalau," ta ce. Ta haɗa ni da ƙullin daddawa da turmin atamfa na matarsa.

Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita ɗari ba, amma wanda ya saba bin hanyar ya san ba nisan ke cin lokaci ba, tsaye-tsayen ne. Jibiya, Magama, a sauka, a nuna takarda, a koma mota, sai Ɗan Isa a sake sauka. A bakin iyaka na canza kuɗi, aka miƙo mini 'yan jikkuna marasa kauri a madadin damin nairar da na bayar, na tuna zamanin da mutanen can ke rububin kuɗinmu, na yi shiru na sa a aljihu. Raguna ta ko'ina, a saman motoci da bayan babura. A cikin motarmu kuwa hirar layin dogo ake yi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, daga Kano ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya ya dire Maraɗi, kilomita 284. Wani dattijo da ke gaba ya ce shi dai sai ya ji ƙarar jirgin da kunnensa, don tun yana saurayi ake yi masa albishir ɗinsa. Ban ce masa komai ba, ni da aka aiko in duba wani jirgin da aka ce ya riga na gwamnati isa garin.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gida bayan azahar. Inna ta tarbe ni da fura mai sanyi, muka gaisa, na tambayi Kawu. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, kawunka ai sai dai in ka bi shi can wurin kishiyata." Auta ne ya ɗauke ni a babur. Shi taubashina ne, don haka tun kafin mu fita layi ya fara: wai an turo malamin kimiyya daga Najeriya ya zo ya koyi aiki.

Filin yana can gefen gari, an kewaye shi da katangar bulo, na wani Alhaji ne da ke son buɗe wurin wasan yara. Da shigarmu na ga abubuwan da na san Kawu da su tun ina ƙarami: lilo mai kujera huɗu, da majaujawar nan mai kujeru rataye da sarƙa wadda samari biyu ke turawa, kowane yaro dala ashirin, wato sefa 100. Ya fi shekara ashirin yana kafa irinsu duk Sallah. Bayansu kuma ga sabon abu. Hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita huɗu, bututu biyu sun gangaro daga kanta a jere kamar layin dogo, sun sauka ƙasa, sun sake hawa wani ɗan tudu, sun yi kwana sun dawo gindin hasumiyar. A kan layin ga tarago guda mai kujera huɗu, an shafa masa jan fenti na kare tsatsa. Kawu na tsugune ƙarƙashinsa da baƙin gilashi a goshi.

Bayan gaisuwa da tambayar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, na isar da saƙon Hajiya yadda ta faɗa. Ya yi murmushi. "Ka ce ma Yaya lahiyata lau. Jirgi ne, amma ba ya zuwa ko'ina. Inda ya tashi nan yake komowa."

Alhajin ne ya gano irinsa a Dubai, ya dawo da bidiyo a waya, ya tambayi Kawu ko zai iya ƙaraminsa. Kawu yana kiransa jirgin gangara. Mu a wajenmu masu kallon bidiyo rola-kosta suke cewa. Auta kuwa, da yake ɗan lakwal ne, wato makarantar bokon can, da sunan Faransanci ya san shi, wanda ma'anarsa duwatsun Rasha. Sunan yana da asali: shekaru ɗaruruwa da suka wuce mutanen Rasha kan kafa dogon tudu na katako lokacin sanyi, su kwarara masa ruwa ya daskare, su riƙa sulalowa a kansa. Faransawa suka ɗauki wasan, da yake ba su da irin wancan sanyin sai suka sa masa ƙafafu. Abin dariyar, in ji Auta, su mutanen Rasha yau duwatsun Amurka suke kiransa. Kowa ya jingina wa wani, kamar yadda Bakatsine da Bagobiri ke jingina wa juna duk wani abin tsiya.

Na zagaya taragon ina neman inda injin yake, duk da na san babu. Sanin abu a littafi daban, tsayawa gabansa daban. Wannan jirgi ba shi da kai, ba shi da direba. Sarƙa ce ke jan shi a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko, ta sake shi, daga nan nauyinsa ne ke tafiyar da shi har ya dawo. Yadda nake gaya wa ɗalibaina, tudun farko rumbu ne: duk abin da za a ci a tafiyar a nan aka zuba shi, ba a ƙarawa a hanya. Shi ya sa ba a yin wani tudu a gaba da ya kai na farko tsayi. Na ɗauki alli na yi lissafi a jikin katanga, na ce daga mita huɗu gudun da zai yi a ƙasa ba zai wuce kilomita 32 a awa ba, kuma tudu na biyu ko mita uku da rabi aka yi shi zai haye.

Kawu ya dubi rubutun, ya dubi Auta, suka kwashe da dariya. Ashe da haka suka fara. Tudu na biyu mita uku da rabi suka yi shi, taragon ya taho da gudu, ya kama hawa, ya kusa kaiwa sai ya tsaya cak, ya dawo da baya, ya yi ta kai-kawo a kwarin kamar guga a rijiya har ya mutu a tsakiya. Sau biyu suna yanke tudun kafin ya haye, yanzu bai fi mita biyu da 'yan kai ba. "Malam," in ji Kawu, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "rumbun naka akwai ɓera ciki." Gaskiyarsa. Boris ɗin ƙafafun, wanda su can suke kira rulma, na tsofaffin motoci ne. Ƙurar Maraɗi na shiga giris ta mayar da shi kamar tuwo. Kowane gaɓin walda da bai kwanta sumul ba yana cin nasa rabon. Da safe kafin giris ya saki jirgin ya fi nauyin jiki, da rana tsaka ya fi gudu. Ba komai a cikinsa yakan kasa, da kaya yakan wuce. Duk wannan na san sunansa a aji, gogayya, amma a allo kullum cewa muke a yi kamar babu ita.

Da dare muna shan shayi a ƙofar gida Auta ya buɗe wayarsa, ya shiga nuna mini manya. Yaron nan ya haddace su kamar yadda sa'o'insa suka haddace 'yan ƙwallo. Ga Formula Rossa na Abu Dhabi da aka buɗe a 2010, wanda ba sarƙa ke jan shi ba, harba shi ake yi, cikin daƙiƙa biyar ya kai kilomita 240 a awa, har sai an ba mahaya tabarau saboda yashi da ƙwari. Ga Kingda Ka na Amurka mai tsayin mita 139, wanda ya yi kusan shekara ashirin ba a kamo shi ba, aka rushe shi a farkon 2025. Ga wanda Saudiyya ta gina a Qiddiya kusa da Riyad, Falcon's Flight, layinsa ya haura kilomita huɗu, yana faɗowa daga kan dutse, an tsara shi ya kai kilomita 250 a awa, taragunsa har gilashin gaba gare su kamar mota. Ni dai kallon kawai ya sa cikina juyawa.

Kawu bai damu da tsayi ko gudu ba. Abin da yake sa Auta ya tsayar masa shi ne hotunan ginin: yadda ake haƙa rami a zuba kankare ga kowane ginshiƙi, yadda ake lanƙwasa bututu a masana'anta gunduwa-gunduwa, a ɗauko a kwantena, a ɗaga da kuren, wato injin ɗaga kaya, a ɗaure da manyan notuna. Kamfanonin da ke wannan sana'a a duniya ba su da yawa: Intamin da Bolliger & Mabillard daga yankin Suwizalan, Vekoma a Holan, Mack a Jamus. Da Auta ya gaya masa cewa gidan Mack tun 1780 suke, kuma da ƙera keken doki da amalanke suka fara, sai ya ajiye kofinsa. "To ka ji. 'Yan uwana ne." Labarin da ya fi ba shi dariya kuwa na wani layin kwal ne a Pensilbaniya ta Amurka, wanda aka shimfiɗa a 1827: taragu su gangaro daga dutse da nauyin kwal, alfadarai su ja su su mayar sama, kuma a gangarowa alfadaran ma a tarago ake zuba su. Daga baya mutane suka fara biyan kuɗi don a gangaro da su. Na farko da aka gina a Amurka don wasa kawai, a Coney Island ta New York a 1884, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba. Kawu ya ce ashe nasa ya fi na Bature na farko.

Washegari aka yi gwaji. Ba mutum ake sawa ba, buhunan yashi ne da aka ɗebo daga gulbi, kowane kujera buhu guda, a ɗaure da igiya. Auta ya ce can ƙasashen waje mutum-mutumin roba suke cikawa da ruwa. Aka kunna injin lantarkin da ke jan sarƙa, taragon ya kama hawa yana ƙas, ƙas, ƙas. Ya kai rabi ke nan aka ɗauke wuta. Sarƙa ta tsaya. Na ja da baya ba shiri, don a zatona kilo ɗari biyu na yashi da ƙarfen da ke ɗauke da shi za su dawo kanmu. Ko motsi bai yi ba. Kawu ya kama hannuna ya kai ni gindin hasumiyar ya nuna mini: tsakanin bututun biyu ya jera haƙoran ƙarfe tun daga ƙasa har sama, a cikin taragon kuma akwai wani harshe da ke faɗawa cikin kowane haƙori in an wuce shi. Gaba yana tafiya, baya babu hanya, kamar firiwil ɗin keke. Ƙas-ƙas ɗin da ake ji a duk bidiyon manyan nan ma shi ne. Yaran shago suka tayar da gurup, wato janareta, aka ci gaba.

Ya kai sama, ya ɗan yi jim, ya sako kai. Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ta cika filin, yaran unguwa da suka hau katanga suka sa ihu. Ya haye tudu na biyu lafiya. A kwanar ne abin ya faru: ƙafafun ciki suka ɗaga sama har na hangi haske tsakaninsu da bututu, taragon ya karkata waje, igiya ɗaya ta tsinke, buhu ya yi tsalle ya fashe a ƙasa. Taragon ya koma kan layi da ƙara, ya ƙaraso yana rangaji.

Yaran katanga suka yi ta tafi, su a ganinsu wasan ke nan. A cikin filin ba wanda ya yi magana. Kawu ya taka har inda buhun ya faɗi, ya tsaya yana kallon yashin da ya watse. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo cewa ya yi, "Wanga ɗiyan wani ne."

Ranar ba a tashi ba sai bayan isha'i. Gyara biyu aka yanke shawara. Na farko, a kwantar da layin a kwana, bututun waje ya fi na ciki tsayi, yadda mai babur ke kwantawa in zai sha kwana da gudu. A nan lissafina ya yi rana, ni na fitar musu da yawan karkatar, kuma wannan karon na bar wa ɓera rabonsa. Na biyu shi ne ƙafafu. Taragon Kawu ƙafa iri biyu gare shi, ta sama mai ɗaukar nauyi da ta gefe mai hana zamewa. Auta ya nemo hoton ƙasan wani sabon tarago ya ƙara girmansa: iri uku ne. Akwai ta uku a ƙarƙashin bututun, ta riƙe shi daga ƙasa, ƙafafun sun kama layin kamar yadda hannu ke kama sanda. Wani Ba'amurke, John Miller, ya yi rajistar wannan dabara a 1919, kuma sai bayanta aka samu damar gina masu tsananin gangara. Mai hawa ba ya ganin wannan ƙafa, ba a kuma sa ta a hoton talla. Matsalar, in za a sa ta dole a yanke duk ƙarafan da suka riƙe bututun daga ƙasa a mayar da su ta ciki, don ta samu hanyar wucewa. Kawu ya ƙirga su da yatsa, ya ce aikin wata guda ne in an samu wuta.

Alhajin ya zo da la'asar ɗin rana ta uku, cikin farar shadda, ya tarar an kwance kwanar gaba ɗaya. Ya riga ya sa an yi sanarwa cewa ranar Sallah za a buɗe. Mutumin kirki ne a ganina, kuɗinsa ne a ƙasa, kuma Sallah ce kasuwar wannan sana'a, in ta wuce sai wata. Ya ce a mayar da kwanar yadda take, a rage mahaya zuwa biyu, a sa yaro ya riƙa taka birki. Kawu ya cire gilashinsa ya ce, "Alhaji, ranka shi daɗe, lilo da majaujawa suna nan, ranar Sallah da sahe za su yi aiki. Wanga kuwa, in ka matsa, ga makullin hili, ka nemo wani shi ƙarasa. Ba da hannuna ba." Aka yi ta ja, har Alhajin ya juyo gare ni, wai ni malami in sa baki. Na nuna masa inda buhun ya fashe, yashin na nan ba a share ba. Ya tafi ba sallama mai daɗi, amma da dare ya aiko da kuɗin ƙarin boris.

Zancen birkin ma bai kwanta mini ba, kuma na faɗa wa Kawu. Nasa katako ne da aka lulluɓe da robar taya, ana ɗaga shi da hannu ya goge cikin taragon. Manyan na zamani maganaɗisu suke amfani da shi: wani faifan ƙarfe a jikin jirgin ya ratsa tsakanin maganaɗisu biyu, gudun ya ragu ba tare da wani abu ya taɓa wani ba, ko da wuta ko babu. Inda jirgi ya fi ɗaya a layi, an raba layin kashi-kashi, na'ura ba ta barin biyu su shiga kashi ɗaya. Kowace safiya ma'aikata na bin layin suna duba notuna, ga kuma masu bincike na waje da ke haska walda da na'ura don gano tsagar da ido ba ya gani. A filin nan kuwa mai ƙira shi ne mai bincike. Kawu yana bin kowane gaɓi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa, yana saurare, in sautin bai yi masa ba ya zana alli a wurin. Na yarda da kunnensa, shekara arba'in yana wannan aiki. Abin da ke damuna ranar da ba ya nan: damina ta sauka, tsatsa ta kama bututu ta ciki, an bar wa wani yaro makulli da gwangwanin giris, ga layin yara kowa da dala ashirin ɗinsa a hannu. Ya saurare ni har na gama, bai musa ba. Ya ce zai rubuta wa Alhaji sharaɗi, kuma ba mahaluƙin da zai hau sai buhuna sun zagaya sau ɗari uku ba abin da ya motsa. Bayan buhuna kuma shi ne na farko.

Da yammar ranar ƙarshe Auta ya zagaya da ni gari. Muka bi ta ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ya gangara da ni wajen gulbi ya nuna mini inda tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta cinye shi a koma kan tudu. A gangaren ya kashe babur ya bar shi yana sulala, wai in ɗanɗana kafin a buɗe na gaske. Na ce in ya kayar da ni sai na karɓi kuɗin shara biyu a hannunsa bana. Muka sayi kilishi na tsaraba, muka koma.

Hajiya na kan tabarma na shigo. Ban gama zama ba ta ce, "To, yaya ka same shi?" Na ce lafiyarsa ƙalau, ya ma fi mu. Na yi mata bayanin jirgin iya yadda zan iya, ta ce ita ba ta ga amfanin jirgin da zai mayar da mutum inda ya ɗauke shi ba, kuma a biya.

Mako biyar bayan Sallah saƙon murya ya shigo daga Auta. Ba magana a farkonsa, sai ƙas, ƙas, ƙas, sannan rugugin gangara, sannan muryarsa yana haki: ƙafa ta uku ta zauna, kwana ta kwanta, an zana alli sittin da ɗaya a katanga, saura ɗari biyu da talatin da tara. Na kunna wa Hajiya. Ta sa na maimaita mata sau biyu, ta kara wayar a kunne. Sannan ta miƙo mini ta ce, "Ka gaya masa in ji ni, kada ya kuskura ya hau abin nan da kansa." Na ce to.